Sabon Kati, Tsohon Soket

Kicin ɗin ya ƙi juyawa. Injiniya ta kama maus ta ja shi hagu, hoton ya tsaya cak a allon kwamfuta kamar ba da shi ake ba. Sai da ta ɗauke hannu sannan ya yi tsalle ɗaya ya wuce inda take so. Ta dawo da shi dama, ya sake cijewa. Ta miƙe, ta je bakin taga, ta dawo ta zauna, ta sake miƙewa.

"Allah wadaran wannan akwati!" ta ce da ƙarfi. "Kullum jiya i yau. An sa kati, ba a sa kati ba, duk ɗaya."

Ba injiniya ba ce ta takarda. Kafintocin unguwa ne suka laƙaba mata sunan, ya bi ta har cikin gida. Aikinta zana kicin da kabad a kwamfutar tebur, irin zanen nan da ake juyawa, mai gida ya ga kayansa ta kowace kusurwa kafin a ɗora zarto a kan katako. Kwamfutar kuwa da ɗan abin nuna hoton da aka ƙera ta da shi take lallaɓawa, wanda ya isa kallon hotunan yara amma bai isa ɗaukar kicin guda ba. Shi ya sa aka sayo mata katin hoto mai zaman kansa, mai fanka biyu, da nauyi kamar bulo. Makonni ke nan da saka shi.

"Me kika ce?"

Ta waiwaya. Mijinta ne tsaye a bakin ƙofa, makullin gareji a hannunsa. Ya fita tun da safe, ashe mantuwa ta dawo da shi, ita kuma faɗa da kwamfuta ya hana ta jin shigowarsa.

Sai an san mutumin kafin a san girman ɓarnar. Mai gyaran wutar mota ne, irin wanda zai sa hannu cikin damin wayoyi ya zaro wadda ta ƙone ba tare da ya duba ba. Tartsatsi ake ce masa, rabi don sana'arsa, rabi don zuciyarsa. Wanda ya raɗa masa sunan kuwa yayanta ne, Dogo, mai shagon kayan kwamfuta a kasuwa. Tun suna yawo ba takalmi suke tare. Ta hanyar Dogo ya san gidansu, ta hanyarsa ya aure ta, kuma har yau in rana ta yi sanyi shagon Dogo yake biyawa su zauna kan benci ɗaya su yi ta zagin juna suna dariya. A wurin Dogo ya sayi katin. Ranar, Dogo ya ce zai zo da yamma ya saka musu. Tartsatsi ya yi masa kallon sama da ƙasa, ya ce shi da yake kwance wutar babbar mota ya mayar, ɗan akwatin da bai kai batir biyu ba ne zai gagare shi?

Kuma bai gagare shi ba. Ya shimfiɗa tawul a kan tebur, ya jera kusoshi, ya zura katin a gurbinsa har ya yi ƙas, ya haɗa masa wuta, ya saka manhajarsa. Fankokin suka kama juyi. Ya goge hannu, ya tsaya bayan kujerarta yana huci kamar wanda ya sauke kaya, ya ce ta gwada. Ta gwada. Ba abin da ya canza, ko na miskala. Ta ɗaga kai ta ga fuskarsa, 'yarsu Auta kuma na rataye a wuyansa tana tafi, sai ta ji bakinta ya ce, "Kai! Ai kamar iska." Daga ranar, in ya shigo ɗakin sai ta buɗe ɗan ƙaramin zanen teburi mai ƙafa huɗu ta yi ta juya masa shi, shi kuma ya yi ta gyaɗa kai. A gidansu haka aka tashe su: in magana za ta ɓata wa mutum rai, a naɗe ta a sa ƙarƙashin katifa. Ita har ga Allah kirki take ganin ta yi.

"Tambayarki nake yi," ya ce. "Me kika ce?"

"Ba komai, Baban Auta. Yau ne dai take ɗan nauyi."

"Juya wannan in gani. A'a, bar teburin nan. Wannan da yake buɗe."

Ta juya. Kicin ɗin ya cije, ya yi tsalle, ya cije. Ɗakin ya yi tsit, ban da ƙarar fankoki da ke ta aikin banza a ƙarƙashin tebur.

"Tun yaushe?"

Ta sunkuyar da kai. "Tun ranar."

Ta zaci ita zai rufe da faɗa, har ta shirya. Amma zuciyar Tartsatsi ba ta bin hanyar da aka share mata. Ya tsura wa akwatin ido, jijiyar wuyansa ta miƙe.

"Wato mataccen kati Dogo ya sayar mini. Ya goge shi, ya sa a kwali, ya miƙo mini yana dariya. Shi ya sa yake ta nacin shi zai zo ya saka, don ya rufa wa kansa asiri."

"Haba, Yaya ba zai yi maka haka ba."

"Yayanki ne, dole ki faɗa. Kin rufa masa makonni, yanzu ma rufa masa kike yi."

"Wallahi ba shi na rufa wa ba!"

Bai tsaya jin wanda ta rufa wa ba. Ya ce akwai motar da ya yi alkawarin gamawa kafin tsakar rana, yana rufe bonet shagon Dogo zai nufa, kuma yau sai kasuwa ta ji su. Ya ja ƙofa har labule ya tashi.

Injiniya ta kasa zama. Ta ɗora ruwan shayi, ta manta da shi, ta dawo ta kashe. Ta ɗauki tsintsiya ta share rabin falo ta jingine. Ta san bakin mijinta. In ya buɗe shi cikin fushi ba ya tsayawa kan abin da ya kawo faɗan, sai ya tono har na shekarun baya, wanda ya faru da wanda ya raya a ransa. Ta kuma san yayanta: ba ya ramawa, ba ya ɗaga murya, amma in ya rufe ƙofar zuciyarsa ko da gatari ba a buɗewa. Abotar da ta girme wa aurenta ce za ta mutu yau, kuma ita ta haƙa ramin da kalma huɗu.

Ta kira mijin, bai ɗauka ba. Ta kira Yaya, ya ɗauka tun ƙarar farko.

"Injiniyar gidanmu! Yaya aiki? Yaya katin, yana tashi sama da ke?"

Ga dama ta samu, a buɗe, har da sallama. Me kuke tsammani ta ce?

"Lafiya lau, Yaya. Dama gaishe ka zan yi."

Ta kashe wayar ta jefa kan kujera, ta ji kamar ta mari kanta.

Sai dabara ta zo mata, irin dabarar mutanen da suka gwammace hawa dutse da faɗin gaskiya. Za ta ciro katin da kanta, ta riga mijin zuwa kasuwa, ta roƙi Yaya ya canza shi da wani a ɓoye. In Tartsatsi ya zo sai ya tarar an gama, faɗa ya rasa abin ci. Ta ɗauko sukundireba a akwatin kayan aikinsa, ta durƙusa, ta jawo akwatin kwamfutar daga lungun da yake, ta juyo bayansa wajen hasken taga. Rabon da ta ga bayan akwatin nan tun ranar da aka kawo shi.

Aikin Tartsatsi ne, ba tambaya. Wayoyin duk an miƙar da su, an haɗa su dami ɗaya, an ɗaure da 'yan robobin nan da ba sa kwancewa sai an yanke, an manne su jikin ƙarfe tsaf kamar cikin mota sabuwa. Ta bi su da yatsa tana neman wadda za ta fara cirewa. Ta wuta. Ta maus. Ta allo, baƙa mai kauri, wadda ta taso daga bayan allon ta gangaro ta shiga wani soket can sama, kusa da sauran. A wurin take tun fil azal.

Sai idonta ya sauka ƙasa, inda gindin sabon katin ya leƙo waje. Akwai soket a jere a jikinsa, kowanne da ɗan murfin roba a bakinsa, yadda suka fito daga kwali. Ta ɓalle murfi ɗaya da farce. Ta dubi bakinsa, ta dubi na saman. Iri ɗaya ne sak.

Ta zauna daɓas a ƙasa. Ba sai an yi mata karatu ba. Allon yana shan hoto daga tsohon wuri, katin kuma yana zaune a ciki yana kaɗa fanka, ba wanda ya taɓa tambayarsa komai. A mota, in ka canza abu, wayar da ka cire ita kake mayarwa inda ka ciro ta, kuma mutumin da ya yi shekaru yana koya wa hannunsa haka ba zai tsaya tunani ba. Ya mayar da kowace waya gidanta, ya ɗaure.

Wayar ba ta kai ƙasa ba saboda ɗaurin. Ta ɗauko almakashi ta datse robar, ta kashe kwamfutar, ta zare wayar daga sama ta cusa a soket ɗin katin, ta kunna. Allon ya yi baƙi har ta fara salati, sannan ya kawo haske. Ta buɗe kicin ɗin, ta taɓa maus.

Ya juya. Ya juya sumul, da kabad ɗinsa da famfonsa da inuwar taga a kan tayil, ko gargada babu. Ta kai shi hagu, ta kai shi dama, ta shiga cikin durowa ta fito. Dariya ta kubce mata ita kaɗai a ɗaki, dariyar daɗi tsantsa, don ta daɗe tana mafarkin wannan. Ba ta kai ƙarshen dariyar ba ta tuna inda mijinta zai je da abin da zai faɗa, a kan katin da ba shi da laifin komai.

Ta kira shi, ta sake kira, shiru. Ta fara rubuta masa saƙo, ta rubuta "kai ne ka", ta goge. Ta zari mayafi, ta sa takalmi, ta fita ko kwamfutar ba ta kashe ba.

Garejin ba nisa. Ta tarar da motar a buɗe, wayoyi sun zubo daga ƙarƙashin sitiyari, ba kowa a ciki. Makanikin da ke maƙwabtaka da shi ya leƙo daga ƙarƙashin wata mota ya ce ai Tartsatsi bai iya aikin ba yau, ya yi ta jefar da sifana, can ya wanke hannu ya tafi. Ta tari tasi. Tasi ta yi tafiya kaɗan ta shiga cunkoso ta tsaya, direba ya kashe inji ya kama sauraron rediyo hankalinsa kwance. Ta kira Yaya. Wannan karon wayar ta yi ta ƙara har ta katse, sai ta san an fara. Ta sallami direban ta sauka, ta kama ratsa motoci da ƙafa, mayafi na zamewa tana jawo shi, masu babur na yi mata hon.

Shagon Dogo a hawa na biyu yake, cikin layin masu waya da kwamfuta. Tun daga matakala ta ji muryar mijinta. Maƙwabta sun fito bakin shagunansu, kowa ya yi kamar yana gyara kaya. Dogo na tsaye bayan kantar shagon, hannayensa biyu a kan gilashi, fuskarsa ba yabo ba fallasa.

"Na ce maka tsaya," Dogo ke cewa a hankali. "Wayar allon, a ina ka sa ta?"

"Kada ka koya mini waya! Ni za ka koya wa waya? Tun muna yara haka kake, abin da ka gama da shi kake miƙo mini, in karɓa in yi godiya. Ka ɗauka don ka ba ni ƙanwarka sai in haɗiye duk abin da ka ga dama? Raini ne, Dogo, kuma na daɗe ina gani!"

Ta ga maganar ta shiga yayanta. Bai motsa ba, amma ya ɗauke hannayensa daga kan gilashin ya sa a aljihu. Ta makara da numfashi ɗaya.

"Baban Auta!"

Suka juyo tare. Tana haki, ta dafa ƙofa.

"Katin lafiyarsa ƙalau. Yana aiki. Wayar allon ce ba ta cikinsa, tana tsohon soket." Ta ga idon mijinta ya tsaya, ta ga mutanen da ke bayanta sun miƙa wuya, sai tsohon halin ya taso mata tun kafin ta yi shawara da kanta. "Ni ce. Garin shara na cire ta, na mayar ba daidai ba."

Tartsatsi ya dube ta. Da ya yi magana, muryarsa ta sauka ƙasa, abin da ya fi ihun ban tsoro.

"Wayar da na ɗaure da roba? Da tsintsiya kika kwance ta?"

Ya matso kusa da ita.

"Yaushe kika yanke robar?"

"Ɗazu."

"To." Ya shafa fuskarsa da tafin hannu, daga goshi har gemu. "To ni ne. Ni na bar ta a can." Ya faɗa da ƙarfi yadda na bakin ƙofa za su ji, don Tartsatsi duk abin da zai yi, a fili yake yin sa, har da jin kunya. Sannan ya dube ta. "Da kin faɗa mini ranar, da na leƙa baya na gani, mu yi dariya. Yanzu ma da kika zo ceto na, da wata ƙaryar kika zo. Wai ni yaro ne da ba zan iya jin na yi kuskure ba?"

Maƙwabta suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, don abin ya daina daɗin kallo. Tartsatsi ya juya wajen kantar. Bakinsa ya yi nauyi.

"Dogo, na yi maka ba daidai ba. Ka yafe mini."

"Ba komai, Malam," Dogo ya ce. Ya ɗauki tsumma ya kama goge gilashin da ba shi da datti. "Kaya in ya yi wa mai saye, shi ke nan. A gaida gida."

Malam. Injiniya ta ji kalmar har cikin ƙashinta. Mutumin da bai taɓa kiran mijinta da komai ba sai Tartsatsi, ko wawa, ko ɗan banza, yau ya sallame shi da ladabin da ake yi wa baƙon da ya zo sayen caja. Ƙofar tana rufuwa a gabanta, a hankali, ba ƙara. Ta so ta yi magana, ta rasa wadda za ta faɗa da wani zai saya.

Tartsatsi bai tafi ba. Ya tsaya yana juya makullin gareji a yatsa.

"Abin da na faɗa, rabinsa hauka ne," ya ce. "Rabin kuma ya daɗe yana cina, kuma ba laifinka ba ne. Kai ne kullum mai bayarwa, ni mai karɓa. Wannan katin ne na ce bari in yi abu ɗaya a gidana da hannuna, ba tare da kai ba. Ka ga yadda ya ƙare."

Dogo ya ci gaba da gogewa, amma hannun ya rage sauri.

Tartsatsi ya waiwayo wajenta. "Kin ce yanzu yana gudu?"

"Yana gudu, wallahi. Na juya kicin ɗin gaba ɗaya, ko tsayawa bai..."

"Bar shi." Bai faɗa da fushi ba, da ma da fushin ne. Ya mayar da fuskarsa ga Dogo. "Ka zo gidan ka duba mini. Ka duba wayar, ka duba duk abin da na taɓa. In ka ce yana gudu, na yarda."

Dogo ya ajiye tsumman. Ya dubi ƙanwarsa, ya dubi abokinsa, ya yi ajiyar zuciya mai tsawo. Sannan ya laluba ƙarƙashin kanta ya ɗauko kwaɗon shago.

"Wuce mu je, Tartsatsin banza. Mutum ya sayi doki ya ɗaure a ɗaki, ya ci gaba da tafiya a ƙasa, sannan ya zo ya tara mini jama'a."

"Ai ka faɗi son ranka, yau ranarka ce."

Suka ja ƙofar shagon tare, ɗaya ya riƙe, ɗaya ya datse kwaɗo. Suka kama matakala kafaɗa da kafaɗa, Dogo na ta yi masa tsiya, shi kuma yana karɓa. Injiniya ta biyo su a baya da 'yan takunta. Abin da ta ratsa gari a guje don ta ceto, ga shi nan a gabanta da ransa, ya kamata ta ji daɗi, kuma ta ji. Sai dai daɗin bai cika ba. Ta faɗa wa mijinta gaskiya tsantsa, har da rantsuwa, a kan abin da ta gani da idonta a cikin ɗakinta, shi kuma ya ɗauko shaida daga kasuwa.